YARON DA BA YA ZAMA WURI ƊAYA: GADO NE KO RASHIN TARBIYYA?

Babu malamin makarantar Lahadi da bai san wannan yaro ba. Ana tsakiyar darasi, shi kuwa ya leƙa taga, ya ja rigar na kusa da shi, ya amsa tambaya tun ba a gama yin ta ba. A gida uwarsa za ta aike shi sayo gishiri a bakin layi, sai bayan awa guda ya dawo hannu rabbana, ya manta abin da ya fitar da shi, wani lokaci har kuɗin ya yar. An yi faɗa, an yi bulala, an kai shi addu'ar dare, washegari sai ka ce ba a yi ba. A unguwanninmu na Fegge a Anacha, da Asata a Inugu, da Diobu a Fatakwal, inda iyali guda kan matsu a ɗaki ɗaya ko biyu cikin gidan haya, irin wannan yaro ba ya ɓuya. Maƙwabta kuwa sun riga sun yanke hukunci. Wasu su ce uwar ce ta sangarta shi, wasu su ce an yi masa sammu daga gida Arewa, wasu su ce iska ce.

Ƙiriniya dai halin yara ce, kuma yawancin masu ita lafiyarsu ƙalau. Amma akwai kaɗan daga cikinsu da abin ya wuce ƙiriniya. Likitoci suna kiran lalurarsu da haruffan ADHD, mu kuwa a nan za mu kira ta lalurar ƙarancin natsuwa. Kafin likita ya ɗora wa yaro wannan suna, sai alamun sun bayyana kafin ya cika shekara 12, sun ɗauki aƙalla wata 6, ana ganinsu a wuri fiye da ɗaya, wato gida da makaranta misali, kuma suna ɓata masa karatu ko zama da mutane. Akwai kuma irin da babu tsalle-tsalle a cikinsa. Yarinya za ta zauna shiru a aji, idonta a kan allo, hankalinta ya yi nisa. Ita ba ta damun kowa, shi ya sa ba a lura da ita, sai dai a ce daƙiƙiya ce.

Ba ciwon zamani ba ne, ba kuma na Turawa kaɗai ba

Wani likita ɗan Sikotlan, Alexander Crichton, ya bayyana irin wannan rashin natsuwa a littafinsa tun 1798, lokacin da babu talabijin, babu wayar hannu, babu lemon kwalba. A 1902 likitan yara George Still ya yi lacca a Landan a kan yara 43 masu wannan hali, ya kuma lura cewa da yawansu sun tashi a gidajen da ba a rasa tarbiyya ba. Wani babban nazari na 2007 da ya tattara bincike daga sassan duniya ya ƙiyasta cewa kimanin yara 5 cikin 100 ne ke da lalurar, kuma an fi gano ta a maza.

A ƙasarmu ma an ƙirga. A 2007 likitoci biyu, Adewuya da Famuyiwa, sun buga binciken da suka yi a makarantun firamare na kudu maso yammacin Nijeriya, inda suka sami kashi 8.7 cikin 100. A 2014 Dokta Chinawa da abokan aikinsa na Inugu sun sami kimanin kashi 3 cikin 100 a tsakanin yaran da aka kawo asibiti. Alƙaluman sun bambanta domin hanyoyin aunawa sun bambanta, amma ko da wanne aka ɗauka, ajin da ke da yara 60 da wuya ya rasa biyu ko uku.

Abin da tagwaye da 'yan'uba suka nuna

Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Sau da yawa, idan likita yana jera wa iyaye alamun lalurar, sai uwar ta juya ta dubi maigida, domin abin da ake faɗa hoton mijinta ne: ga fara aiki goma ba a gama ɗaya ba, ga mantuwar alkawari, ga saurin fushi da saurin hucewa. To amma zama gida ɗaya ma yana sa hali ya zo ɗaya. Yaya za a rarrabe abin da jini ya kawo da abin da yaro ya gani ya kwaikwaya?

Hanya ta farko ita ce ta tagwaye. Tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya, masu kama sak, ƙwayoyin gadonsu kusan duka ɗaya ne. Waɗanda suka fito daga ƙwai biyu kuwa rabi suka haɗa, kamar kowane wa da ƙane. Dukansu nono ɗaya suka sha, tabarma ɗaya suka kwana. Idan tarbiyya ce tushen abin, bai kamata a ga bambanci tsakanin nau'o'in biyu ba. Amma bambancin babba ne. A ƙasar Suwidin, inda gwamnati ke riƙe da rajistar haihuwa da ta asibiti ta kowane ɗan ƙasa, an buga wani nazari a 2017 da ya bi dangin masu lalurar. Wanda abokin tagwaitakarsa na ƙwai ɗaya ke da ita, haɗarinsa ya ninka na sauran mutane kimanin sau 70. Ga tagwayen ƙwai biyu da 'yan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya, kimanin sau 8 ne. Ga 'yan'uba da waɗanda suka haɗa uwa kaɗai, tsakanin sau 2 da 3. Wato yadda jini ke nisa, haka haɗarin ke raguwa.

Hanya ta biyu ita ce ta 'ya'yan riƙo. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2000 ya sami alamun lalurar a kashi 18 cikin 100 na iyayen da suka haifi masu ita, amma kashi 6 kacal a iyayen da riƙo kawai suka yi. Da renon ne ke jawo ta, da ba haka lissafin zai kasance ba.

Da masana biyu, Faraone da Larsson, suka haɗa nazarce-nazarcen tagwaye 37 a 2019, sun sami cewa gado ne ke ɗauke da kimanin kashi 74 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin mutane a wannan hali. Wannan ya kusa kai na tsawon jiki. A kula da kyau, ba ana nufin ɗan mai lalurar yana da kashi 74 na kamuwa ba ne. Yawancin 'ya'yan masu ita ba sa gadonta. Abin nufi shi ne, idan aka tambayi me ya sa wannan yaro ya natsu wancan bai natsu ba, kaso mafi girma na amsar yana cikin abin da aka haife su da shi.

A nan sai mu faɗi gaskiya a tsakaninmu. Akwai masu wa'azin da da zarar sun ji kalmar gado sai su ce la'ana ce ta kakanni, sai an karya ta. Gadon jini ba la'ana ba ne. Hanyar da yaro ya bi ya gaji dogon hancin kakarsa da zaƙin muryar ubansa, ita ce ya bi ya gaji wannan.

Ba kamar sikila ba

Iyalanmu sun saba da maganar sikila, domin ekklisiyoyi da yawa ba sa ɗaura aure sai an kawo takardar gwajin jini. Sikila tana fitowa ne daga canji ɗaya tak a ƙwayar gado ɗaya, shi ya sa ake iya cewa wannan AA ne, wannan AS, wannan SS. Da farko masana sun yi zaton za su sami irin wannan ga ƙarancin natsuwa. A 1996 hankali ya koma kan wata ƙwayar gado mai suna DRD4, wadda ke da hannu a yadda ƙwaƙwalwa ke karɓar dofamin, sinadarin da ke sa mutum ya ji sha'awar abu ya kuma dage a kansa. Wani nau'inta da ake kira 7R ya ɗan fi yawa a yara masu lalurar, sai jaridu suka yi ta shelar cewa an kama ɓarawo.

Ashe da sauran aiki. A 2019 wata ƙungiyar masana ƙarƙashin Ditte Demontis ta ƙasar Danmak ta duba gadon masu lalurar sama da 20,000, ta gano wurare 12 da ke da alaƙa da ita. A 2023 suka maimaita da mutum sama da 38,000, wuraren suka kai 27, suka kuma ƙiyasta cewa ƙananan bambance-bambance kimanin 7,000 ne ke haɗuwa su yi aikin. DRD4 ɗin da aka yi ta yayatawa ba ta ma shiga cikin 27 ɗin ba. Abin ya yi kama da buhun gero: babu ƙwayar da za a nuna a ce ita ce ta sa buhun ya yi nauyi. Kowannenmu yana ɗauke da rabonsa na waɗannan ƙwayoyi, wani mudu ɗaya, wani tiya uku. Wanda nasa ya yi yawa har ya rinjaye shi, shi ake kira mai lalura.

Abu biyu ke biyo bayan wannan. Babu gwajin jini da zai nuna yaro yana da ita ko ba shi da ita, duk wanda ya karɓi kuɗinku da sunan irin wannan gwaji ya cuce ku. Kuma babu dalilin da dattawan ekklisiya ko iyaye za su hana aure domin an ji akwai ta a dangi. Ya kamata kuma mai karatu ya sani cewa kusan duk mutanen da aka auna a waɗancan manyan nazarce-nazarce Turawa ne, alhali Afirka ce nahiyar da ta fi kowace bambancin ƙwayoyin gado.

Labarin maharbi da manomi

Ga wata tambaya da ta daɗe tana damun masana. Idan abin yana cutar da mai shi, me ya sa bai ƙare daga zuriyar 'yan Adam ba, har yake nan a kowace al'umma?

Mun san wasu masu karatu kan ɗaure fuska idan aka taɓo wannan fanni, kuma Kirista ba su zama baki ɗaya ba a kan shekarun da masana ke lissafawa. Amma abin da ke gabanmu ba maganar asalin ɗan Adam ba ce. Magana ce ta yadda wani iri na gado ke yawaita ko raguwa a cikin mutane, kuma wannan muna ganinsa da idonmu. Sikila ta yawaita a ƙasarmu ne domin mai AS yana da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, kamar yadda Anthony Allison ya nuna a 1954. Sauro ya yi tankaɗe da rairaya, masu AS suka fi tsira, suka haifi 'ya'ya. Haka nan Fulani makiyaya da yawa cikinsu yana narkar da ɗanyar madara har tsufa, abin da ke ba manya na wasu ƙabilu gudawa. To, ko ƙarancin natsuwa ma yana da wani amfani da ya sa ya tsira?

A 1993 wani marubuci Ba'amurke, Thom Hartmann, wanda aka ce ɗansa yana da lalurar, ya kawo shawarar cewa masu ita zuriyar maharba ne da suka tsinci kansu a duniyar manoma. Maharbi yana bukatar ido mai yawo da kunne mai jin motsin ciyawa, manomi kuwa yana bukatar haƙurin bin kunya ɗaya daga safe zuwa yamma. A 1999 Chuansheng Chen da abokan aikinsa suka duba al'ummomi 39, suka ga cewa nau'in 7R ya fi yawa a waɗanda kakanninsu suka yi ƙaura mafi nisa, musamman mutanen asali na Kudancin Amurka.

Binciken da ya fi kusa da mu shi ne na Dan Eisenberg a 2008 a tsakanin Ariyal, makiyayan arewacin Kenya. Kamar Fulaninmu, akwai na daji masu bin dabbobi, akwai waɗanda suka zauna gari suka kama noma. Ya auna maza kimanin 150. A cikin na daji, masu 7R sun fi sauran ƙiba da alamun ƙoshi. A cikin na gari, masu 7R ɗin ne suka fi rama. Ƙwaya ɗaya, jini ɗaya, amma wurin zama ya juya sakamakon.

Wannan labari yana da daɗin ji, musamman a kunnenmu mu mazauna kurmi. Ai tun ƙarshen ƙarni na 19 maharban giwa daga Arewa suka sauka a Elele kusa da Fatakwal. Bayansu fatake suka biyo, da 'yan tireda, da ma'aikatan jirgin ƙasa, da sojoji da 'yan sanda. A shekarun 1950 wani Bafulatani mai cinikin shanu daga lardin Sakkwato, Malam Umaru Altine, har ya zama magajin garin Inugu na farko. Mai karatu zai iya cewa, ashe mu ne jikokin marasa zama wuri ɗaya, shi ya sa 'ya'yanmu suke haka!

Sai dai daɗin labari ba hujja ba ne. Eisenberg bai auna lalurar ba, nauyin jiki ya auna, kuma mutum 150 kaɗan ne. Nau'in 7R yana da wuyar samu a ƙasar Sin, amma ana samun lalurar a yaran can kamar ko'ina. Sa'an nan duk wanda ya taɓa bin maharbi daji ya san cewa rabin aikin kwanton ɓauna ne, a yi awa uku ko tari ba a yi. Fatauci ma lissafi ne da riƙon amana. Mafi nauyi kuma, a 2020 wasu masana a Basalona ta ƙasar Sifen sun duba gadon da aka ciro daga ƙasusuwan mutanen da, suka ga cewa ƙwayoyin da ke da alaƙa da lalurar suna ta raguwa a hankali, bisa lissafinsu tun shekaru 45,000 da suka wuce, wato tun kafin a fara noma. Idan noma ne ya karya darajarsu, ba a lokacin za su fara raguwa ba.

Gaskiya ne a 2024 masana a Jami'ar Fensilbeniya sun sa mutum 457 wasan tsinkar 'ya'yan itace a kwamfuta, sai masu alamun ƙarancin natsuwa suka fi saurin barin bishiyar da ta fara ƙarewa su koma wata, suka kuma fi tara 'ya'ya. Amma wasan minti kaɗan a kwamfuta daban, rayuwar daji daban. A ganinmu bayanin da ya fi sauƙi shi ne, halin da dubban ƙwayoyi ke ginawa ba ya ƙarewa da wuri, kuma dole a sami masu yawa da masu kaɗan, kamar yadda ake da dogo da gajere. Abin ɗauka daga Ariyal guda ne: inda aka ajiye mutum yana iya mai da halinsa abin amfani ko abin wahala. Yaron da a ƙauye zai wuni yana kiwon awaki da kai abinci gona, yau shi ne aka ce ya zauna a benci awa shida yana sauraron Turanci.

Kada kuma mu yi wa lalurar kwalliya har mu manta haɗarinta. Nazarin da aka yi a Danmak a 2015 a kan mutum kusan miliyan 2 ya nuna cewa mutuwar ƙuruciya ta ninka kusan sau biyu a masu ita, mafi yawa ta hanyar haɗari. Iyayen da ke shirin cire irin wannan saurayi daga makaranta su saya masa babur ko keke mai ƙafa uku ya shiga titunan Anacha, su tsaya su yi tunani a kan wannan.

Kason da ba na gado ba

Haihuwar bakwaini da ƙarancin nauyi lokacin haihuwa suna ƙara haɗarin. Haka zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, da shan giya lokacin goyon ciki. Akwai kuma dalma, wadda gubarta ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010. Ɗan kaɗan ɗinta ma yana raunana natsuwar yaro, kuma ana samunta a tsohon batirin mota, da wasu fenti, da wani irin kwallin da ake sa wa jarirai. Sukari kuwa, wanda ake yawan ɗora wa laifi, nazarin da aka tattara a 1995 bai same shi da laifin sa yara rawar kai ba.

To, me iyaye za su yi?

Kafin a ce ADHD ce, a duba ido da kunne. A duba ko yunwa ce, ko ƙarancin jini, ko rashin barci a ɗakin da janareton maƙwabci ke ruri har tsakar dare. Akwai wata farfaɗiya da ba ta kayar da yaro, sai dai ya ɗauke na daƙiƙa kaɗan. Yaron da rikici ya koro iyalinsa daga gida ma yakan rasa natsuwa saboda firgici. Haka wanda ke jin yaren iyayensa da Hausa a gida, Ibo a layi, Turanci a aji, wataƙila harshe ne ya tsaya masa. Masu iya rarrabe waɗannan suna Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke New Haven a Inugu, da asibitocin koyarwa na Ituku-Ozalla, da Nnewi, da Fatakwal. Zuwa can ba ya nufin yaro ya haukace, ba ya kuma hana a ci gaba da yi masa addu'a.

A gida, a riƙa ba shi umarni ɗaya a lokaci ɗaya, ana duban idonsa, a sa ya maimaita. A yanka masa aikin makaranta gunduwa-gunduwa, minti goma ya tashi ya ɗebo ruwa ya dawo. A yaba masa nan take idan ya yi daidai, domin ladan gobe ba ya jan hankalinsa. Horo yana nan, amma ya zama gajere, sananne tun kafin a yi laifi. Hotunan ƙwaƙwalwa da aka nazarta a Amurka a 2007 sun nuna cewa wasu sassanta kan makara wajen nuna da kimanin shekara 3 a irin waɗannan yara, saboda haka ɗan shekara 10 yana iya riƙe kansa ne kamar ɗan shekara 7. Bulala ba ta gaggauta wannan nuna, sai dai ta koya masa ƙarya da gudun gida. Malamin makarantar Lahadi kuwa ya zaunar da shi gaba, ya ba shi rabon littattafai, ko share allo, ko kaɗa ganga.

Akwai magani mai suna metilfenidet da ke taimakon yara da yawa, amma likita ne kaɗai zai rubuta shi, ya kuma riƙa auna nauyin yaron da hawan jininsa. Ba abin da za a aika a sayo a kasuwar magunguna ta bakin gadar Anacha ba ne, kuma maganin tari ko na mura mai sa barci ba madadinsa ba ne. Ranar zuwa asibiti, a tafi da katin sakamakon makaranta na zango biyu ko uku da takardar bayani daga malamin aji. Maigida ma ya daure ya bar shago na rabin yini ya raka su, domin likita zai yi tambaya a kan ƙuruciyarsa shi ma.